Ɗanyen kofi kala uku da na yi oda, na soya da hannuna: ga abin da bakina ya ji

Salamu alaikum jama'a. Yau wata biyu ke nan da na yi odar ɗanyen kofi a wajen wani bawan Allah da ke sayarwa ta WhatsApp, yana zaune a Abuja, ni kuma ina Kano, kuma da gangan na ƙi yin magana da wuri sai da na kusa cinye kayan, don kar in zo in yi ta yabo a ranar farko daga baya in ji kunya. Ba zan kama sunansa ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ƙorafin nawa bai kai a ɓata wa mutum kasuwa ba. Kala uku na saya, rabin kilo rabin kilo: Yirgacheffe na Habasha wanda aka wanke, Harar shi ma na Habasha amma wanda aka shanya da ɓawonsa, sai kuma namu na gida na tsaunin Mambila a jihar Taraba.

Abin da ya ja ni ga wannan harka kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru a Kasala can ƙasar Sudan. Tun muna yara idan an yi la'asar sai ya fito da kurfoti da wani ɗan kasko mai dogon hannu, ya zuba ƴaƴan kofi yana girgizawa a kan garwashi har su yi baƙi, sai ya zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ya daka a ɗan turmi tare da citta, ya dafa a wannan ƴar butar ƙasa da suke kira jabana. Wallahi ƙamshin nan har yau yana hancina. Sai na girma na samu kaina ina shan na gwangwani da na leda irin na teburin mai shayi, ɗaci ne kawai da ake dannewa da madara da sukari, kullum ina jin akwai abin da ya ɓata.

Ta fuskar mu'amala dai mutumin nan ba ni da abin cewa. Na tura kuɗi da safe, ya sa a mota, washegari direba ya kira ni na je tasha na karɓa. Kowane kala a ledarsa mai zif, an rubuta suna da yadda aka sarrafa shi. Na dame shi da tambayoyi har dare bai ƙosa ba, saƙon murya yake turo min, Malam kar ka cika wuta, Malam kar ka bar juyawa. Abu ɗaya da na lura tun ranar, ledar Yirgacheffe an rubuta shekarar girbi, ta Harar kuma babu, zan dawo kan wannan.

Wanda bai taɓa ganin ɗanyen kofi ba zai yi mamaki, domin ba ya kama da kofi ko kaɗan. Launinsa kore-kore ne mai toka-toka, ga tauri kamar tsakuwa, idan ka shinshina kuma ƙamshin ɗanyen haki ko harawar wake zaka ji. Duk wannan ƙamshin da muka sani wuta ce ke haifar da shi. Kafin in ɗora komai sai na baje kowane kala a faifai na tsince kamar yadda ake tsintar wake, kuma tun daga nan bambancin ya fara fitowa. Yirgacheffe ƙanana ne, sumul, kusan kai ɗaya, da ƙyar na cire guda goma a cikin gram 150. Harar dogaye ne, launinsu ya fi karkata ga rawaya, wani babba wani ƙarami, wannan kuma ɗabi'ar kofin da aka shanya da ɓawo ce ba aibi ba ne, amma da na kai hanci sai na ji wani wari-wari na tsohon buhu. Na Mambila kuwa sai da na zauna sosai, akwai fasassu, akwai baƙaƙe, akwai waɗanda ƙwaro ya huda, har ƴan tsakuwa biyu na tsinta, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta lalata maka injin niƙa. Don Allah duk wanda zai saya kar ya tsallake tsinta, baƙin ƙwaya ɗaya ko biyu suna iya ɓata kofi guda.

Kayan aikina ba wani na a zo a gani ba ne: kaskon ƙarfe mai kauri irin na suyar gyaɗa, risho mai gas, cokalin katako, rariyar ƙarfe, fanka, ɗan sikelin kicin da agogon waya. Akwai masu amfani da injin gugguru mai hura iska mai zafi kuma ance yana soyawa daidai, amma da yanayin wutar lantarkinmu ina tsoron a ɗauke ana tsakiyar suya, kuma kofi idan zafi ya yanke masa a tsakiya ya tafi ke nan, ba ya gyaruwa. A tsakar gida nake yi, kar ka kuskura ka yi a ɗaki ko a rufaffen kicin, hayaƙin yana da yawa kuma ƙaiƙayin da ke saɓulewa daga jikin ƙwayar tashi yake ko'ina.

Suyata ta farko ba ta yi ba. Na cika wuta, cikin minti shida waje ya yi baƙi, na ɗauka ya soyu, da na fasa ƙwaya ɗaya sai na ga cikin da sauransa, da na dafa kuma ɗacin ƙuna da gafin ɗanye suka haɗu a kofi ɗaya. Gram 150 na Yirgacheffe ya tafi a haka kuma ya min ciwo. Daga nan na gane matsakaiciyar wuta ake so, kasko ya ɗauki zafi tukuna kafin a zuba, kuma hannu ba ya tsayawa ko na daƙiƙa biyar, juyi ne tun daga farko har ƙarshe.

Bari in ɗan tsaya a nan domin duk maganar ɗanɗano a nan take. Minti huɗu zuwa biyar na farko ruwan jikin ƙwayar ne ke fita, domin ɗanyen kofi yana ɗauke da danshi kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, launin ya bar kore ya koma rawaya, ƙamshin ya koma kamar na busasshiyar ciyawa. Sai ya fara komawa ruwan kirfa, ƙamshin ya juye ya zama na burodin da ake gasawa ko gyaɗa a kasko, sukarin da ke cikin ƙwayar ne yake narkewa yana yin ja kamar yadda ake yin alewa. Sai wajen minti takwas zuwa goma ka ji ƙas! ƙas! kamar gugguru ya fara fashewa. Wannan ita ce fashewar farko, tururi ne ya taru a cikin ƙwayar ya tsaga ta, masu na'urar auna zafi suna cewa tana zuwa a wajen digiri 196 a ma'aunin Salshiyas. Daga wannan lokacin kofi ya zama abin sha, kuma daga nan kowace daƙiƙa talatin tana canza maka abin da zaka ji a baki. Idan ka ci gaba ƙarar za ta lafa, a yi shiru na ɗan lokaci, sai fashewa ta biyu ta zo wajen digiri 224, ita kuma ƙararta ƙanana ce da sauri-sauri kamar an watsa gishiri a garwashi, mai ya fara tsattsafowa a jikin ƙwayar tana sheƙi, hayaƙi ya yi kauri. Wanda ya wuce nan sosai to gawayi yake sha, ko daga Habasha kofin ya zo ko daga Gembu da ke kan tsaunin Mambila duk ɗaya zai ji su.

Wannan shi ne babban abin da na koya a wata biyun nan, mu da yawa abin da muke kira ɗanɗanon kofi ɗanɗanon ƙuna ne. Ni yanzu ina sauke nawa minti ɗaya da rabi zuwa biyu bayan fashewar farko ta fara, kafin ta biyu ta zo. Ana saukewa kuma sai a juye a rariyar ƙarfe a gaban fanka ana girgizawa, domin idan ka bar shi a kasko ci gaba da soyuwa yake da zafin jikinsa, iskar fankar kuma ta kwashe ƙaiƙayin, ragowar in bakace a faifai. Nakan auna kafin da bayan suya, gram 150 yana dawo min 127 ko 128, wato ya rage kusan kashi 15 cikin ɗari duk da ƙwayar ta kumbura ta fi da girma. Wannan awon yana taimaka min sosai tunda ba ni da ma'aunin zafi, idan na ga ya sauko 120 na san na zarce.

Wani abin da mai kayan ya gaya min kuma na tabbatar da kaina, kar ka yi hukunci a ranar da ka soya. Sabon soyayyen kofi cike yake da iskar kabon, idan ka zuba ruwa sai ya yi ta kumfa, ɗanɗanon kuma a rufe. Nakan zuba a kwalba in ɗan sassauta murfin kwana ɗaya, sannan in rufe, daga kwana na uku zuwa na bakwai ne yake buɗewa.

Don in yi musu adalci na ɗanɗana su yadda masu sana'ar suke yi. Kofuna uku iri ɗaya, kowanne gram 8 da ɗan ɗoriya na garin kofi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ba lukui ba, ruwa mililita 150 wanda ya tafasa aka bari ya ɗan huce kamar rabin minti, ba sukari ba madara ba citta. A bar shi minti huɗu, garin zai taso ya yi ɓawo a sama, sai ka kai hanci kusa ka ture ɓawon da cokali ka shaƙa, ka kwashe kumfar, ka jira ya huce kaɗan sannan ka ɗiba da cokali ka zuƙa da ƙarfi har da ƙara don ya watsu a baki gaba ɗaya. Na sa uwargida ta rubuta sunayen a ƙasan kofunan ta jujjuya su don kar son zuciya ya shiga. Kuma ka ci gaba da ɗanɗanawa har ya yi sanyi, domin kofi mai kyau yana ƙara daɗi idan ya huce, mai aibi kuma a lokacin asirinsa ke tonuwa.

Yirgacheffe dai, kai jama'a. Ban taɓa sanin kofi zai iya yin haka ba. Ƙamshin fure ne ya fara dukan hancina, a baki kuma ba shi da nauyi, kusan kamar shayi ba madara, ga wani tsami mai tsabta irin na ɓawon lemun tsami, ba tsamin lalacewa ba, tsamin da ke sa yawu ya tsinke, yana hucewa kuma zaƙi-zaƙi ya fito kamar an ɗiga zuma. Uwargida da ba ta shan kofi ta kurɓa ta ce, Abban yara wannan ai ba kofi ba ne, me ka sa a ciki? Na ce wallahi ruwa ne kawai. Yankin da yake fitowa yana kudancin Habasha a ƙasar mutanen Gedeo, tsaunuka ne masu tsayin kusan mita 2,000, sanyin wurin yana sa ɗan itacen ya nuna a hankali ƙwayar ta yi tauri ta tara ɗanɗano, wankewar da ake masa, wato a cire naman ɗan itacen a jiƙa a wanke kafin a shanya, ita ke sa shi fitowa tas haka. Amma ba ya yafiya, da na gwada kai shi bakin fashewa ta biyu duk furen nan da lemun suka gudu, ya zama kofi kamar kowane kofi. Idan zaka soya shi baƙi to kar ma ka ɓata kuɗinka, shi ne ya fi tsada a cikin ukun.

Harar shi ne inda na yi ƙorafi. Abin da aka san shi da shi shi ne ɗanɗanon ƴaƴan itace, tunda da namansa ake shanya shi a rana makonni zaƙin yana ratsa ƙwayar, kuma lalle na ji alamar hakan, wani abu kamar ɗinya ko busasshen inabi can a ƙasa. Amma abin da ya rufe shi ɗanɗanon katako ne da kwali, ga shi a kasko ba ya soyuwa kai ɗaya, bayan suya na tsince farare-farare da yawa waɗanda ba su nuna ba aka tsinke su, su kuma ɗanɗanon gyaɗar da ta kwana biyu gare su. Na soya shi sau uku a mataki daban-daban don kar in ɗora masa laifin hannuna, katakon nan bai tafi ba. Wannan alamar tsufa ce. Na koma wa mai kayan na ce, Malam wannan Harar ɗin na wace shekara ne? Ya ɗan yi jim sannan ya ce gaskiya ragowar tsohon buhu ne. Na ji daɗin da bai min ƙarya ba, ya kuma ce zai rage min a oda ta gaba, amma da tun farko ya faɗa da ban saya a farashin sabo ba, kuma rashin rubuta shekarar a ledar ban ɗauke shi mantuwa ba. Ɗanyen kofi yana iya kai wa shekara idan an adana shi a wuri mai sanyi marar danshi, amma zafinmu na bazara ba ya raga masa, kuma yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, don haka a gida ma kar a ajiye shi kusa da daddawa ko yaji.

Ban zubar da shi ba dai. Na soya shi sama-sama, na sauke ana fara fashewar farko yana ruwan kirfa, na daka da hel, wato kayan ƙamshin nan da ake kira cardamom da Turanci, da ɗan kanumfari na dafa irin gahawar da alhazai suka sani a Makka da Madina, wadda ake sha da dabino a ƴan ƙananan kofuna. A nan ya yi amfani sosai, hel ɗin ya rufe katakon, baƙin da na ba wa ba wanda ya bar ɗigo.

Na Mambila kuwa shi ne ya ba ni mamaki, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Na saye shi ne don kishin gida kawai, ban sa masa rai ba, ga wahalar tsinta. Amma bayan an tsince an soya shi matsakaici, wajen minti biyu da rabi bayan fashewar farko, ya huta kwana biyar, sai ga kofi mai jiki, mai cika baki, ɗanɗanon soyayyiyar gyaɗa da mazarƙwaila da ɗan cakulan, tsaminsa kaɗan ne a natse, sai wani ƙasa-ƙasa a ƙarshe wanda ina ganin daga wajen shanya ne. Ba shi da furen Yirgacheffe, ba zan yi ƙarya don namu ne ba, amma shi ne wanda nake nema da asuba, kuma shi ne yake ɗaukar madara ba tare da ya ɓace ba. Irin kofin da ake kira arabika ne, domin Mambila tana da tsayi da sanyin da wannan iri yake so, sama da mita 1,500, wurin da ake noman ganyen shayi a Kakara, kuma tsaunin ne ya miƙe ya shiga Kamaru inda su ma suke noman arabika. Arabika sinadarin hana barcinsa bai kai na wani irin kofin da ake kira robusta ba, wajen rabi ne, robusta kuma shi ya fi yawa a kofin gwangwani, shi ya sa wannan ba ya sa min bugun zuciya yadda wancan yake yi. Abin da ke damuna shi ne ƙasar ta yi nata, itacen ya yi nasa, abin da ya rage aikin hannu ne: a tsinki jajayen kawai, a shanya a kan gado ba a ƙasa ba, a tsince kafin a zuba a buhu. Da ana yin haka wallahi ba na jin kunyar ajiye shi kusa da na ko'ina. Na gaya wa mai kayan ya riƙa tsincewa ko da zai ƙara kuɗi, ni zan biya.

Ranar wata Juma'a na ɗauki ukun na kai wa Kawu. Ya kurɓi Yirgacheffe ɗina ya yamutsa fuska ya ce, ɗana wannan bai soyu ba, ruwan zoɓo ka kawo min? Na ce Kawu haka ake shansa. Ya ce a ba shi ɗanyen na Mambila, ya fito da kaskonsa na tun Kasala, ya soya shi baƙi ƙirin yana sheƙi, ya daka da citta ya dafa a jabana da sukari, kuma gaskiya ya yi daɗi, irin daɗin da na sani tun ina yaro. Ban yi gardama da shi ba. Wancan shan zama ne da hira, kofi da citta da hayaƙi duk abu ɗaya ne a wajensa, kuma na Mambila ya jure wutar fiye da yadda na zata. Amma ban ba shi ɗanyen Yirgacheffe ba, na ce Kawu wannan ka bar min shi.

Maganar kuɗi, ɗanyen ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan ka kwatanta da soyayyen da ake shigowa da shi manyan kantuna, wanda ma ba ka san watanni nawa ya yi a kan kanta ba. Sai dai ka lissafa kashi 15 ɗin da wuta za ta ci, da wanda zaka tsince ka zubar, da gas, da suya ɗaya ko biyu da za su lalace kafin hannunka ya faɗa. Saboda haka mai farawa ya fara da na Mambila, shi ya fi arha kuma ya fi haƙuri da kuskure, in hannu ya zauna sai a taɓa na Habasha. Kuma a soya kaɗan-kaɗan, na sati ɗaya zuwa biyu, a niƙa daidai wanda za a sha a lokacin, domin garin kofi ƙamshinsa guduwa yake cikin ɗan lokaci. Turmi yana yi don jabana da gahawa, amma don tacewa gara ɗan injin niƙa na hannu saboda garin ya fito kai ɗaya.

Zan sake saye a wajensa? Ƙwarai kuwa. Na riga na tura masa saƙo: kilo ɗaya na Mambila, rabin kilo na Yirgacheffe, Harar kuma sai sabon girbi ya shigo, a Habasha ana girbi ne daga wajen Oktoba zuwa Janairu kuma yakan ɗauki watanni kafin ya iso, na ce masa kafin in tura ko sisi ya ɗauko min hoton buhun in ga shekarar da idona, ya kuma sako min ɗan gram 100 in soya in ji tukuna.